Facin da ke Ƙarƙashin Zinariya

Lahadi, 8 ga Oktoba, 1961

Yau na fara awon Zinariya, babbar motar gyaɗar Alhaji Abdulaye da Yaya Ɗan'azumi yake tuƙawa. Ya kai ta bakin kogi wajen Saga don wanki, na bi shi da mita da fensir da wannan littafin. A bayanta ya ɗauko ni daga Maraɗi shekara shida da suka wuce, tun ban auri ƙanwarsa Yelwa ba, shi ya kuma ba ni tabarma a zaurensa har na sami aikin zanen taswira a unguwar Filato, nan Yamai. In akwai motar da ta cancanci in ƙera ta, ita ce.

Ƙananan motoci goma sha ɗaya na ƙera zuwa yanzu, da gwangwani da waya da dalma. Babbar mota kam ban taɓa ba. Santimita ɗaya a madadin ashirin zan yi, tsawonta zai kai kamu ɗaya.

Dalili: Mushe Amadou (Mushe ake ce wa ƴan boko a nan, daga Faransanci), shugaban bironmu, wato ofishinmu, ya ce ma'aikatarmu za ta yi rumfa a baje kolin bikin Jamhuriya a watan Disamba. Ya ce, "Mutari, ka kawo kayan wasan naka mu cika teburi." Kayan wasa! Mutumin da ba ya iya ja layi a miƙe ko da an riƙe masa hannu. Zan nuna masa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Gwangwanin madara bakwai, na sardin huɗu. Na sardin ya fi kauri, shi zai yi ƙofofi. Yelwa ta ce gidan duk ƙarnin kifi.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Mun koma Saga. Sama na gama da ita, saura ƙasa. Na shimfiɗa buhu na kutsa ƙarƙashin motar a rigingine, Yaya yana daga waje yana yi mani tsiya, wai ni Mushe na zama bakanike, a kira mai hoto.

Can bayan gatarin tayoyin gaba, a gefen hagu na shasi, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, sai na ga faci. Ƙarfe ne mai kauri, tsawon tafin hannu biyu, an liƙa shi da wuta, an ƙara masa kusoshi shida, an shafe da baƙin mai. Aiki mai kyau, wallahi, duk wanda ya yi shi ya san hannunsa. Ina cikin aunawa sai na ji tsiyar ta tsaya. Na ga ƙafafunsa sun matso, sannan ya tsuguna.

Ya faɗa mani a taƙaice. Daminar bara ce, tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, hanya ta zaizaye, motar ta zurma rami da lodi, shasi ya tsage. Ba wanda ya ji ciwo. Ya kwana uku a Ƙonni aka gyara, ya dawo ya ce wa Alhaji ruwa ne ya yanke hanya. "Ka san Alhaji. Da na faɗa, da ranar zan ajiye makulli."

Sai ya dafa ƙafata ya ce, "Wannan kar ka sa shi a taka."

Na ce to, Yaya. Amma awon na riga na rubuta.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Shasi ya haɗu. Sau uku na warware shi kafin ya zauna daidai. Sumul yake, kamar yau aka fito da shi daga kanti, kuma abin da ke damuna ke nan. Wannan ba Zinariya ba ce, kowace mota ƙirar Berliye ce. Lotsewar ƙofar dama na sa, fitilar da ta ɗan karkace na sa, har igiyar da yake ɗaure butarsa da ita a bayan kan mota. Ya za a yi sama ta faɗi gaskiya ƙasa ta yi ƙarya?

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na sa facin. Guntun murfin gwangwani, kawunan allura shida a madadin kusoshi, dalma kaɗan na bi gefe da ita na tsattsaga da bakin wuƙa don ta yi kama da ɗinkin wuta. Bai kai farcen ɗan yatsana ba. Ya yi kyau har na tsaya ina kallonsa la'asar ta kusa wuce ni.

Don kaina na yi. Wa zai kifa mota ya duba cikinta?

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Tayoyi daga tsohon takalmin roba, kowace na yanka mata zane da reza. Gilashi daga tsohon hoton ƙirji na likita, na wanke shi da ruwan zafi har ya yi garau. Tamfol kuwa Yelwa ta ɗinka mani, bayan ta gama mitar cewa ta auri maƙeri ba a faɗa mata ba. Fenti ya ba ni wuya. Ruwan ɗorawar Zinariya ba na kanti ba ne, rana ta ci shi, sai da na gauraya da ɗan fari da ƙasa kaɗan.

Yaya ya biyo da hantsi, ya dawo daga tafiya. Na ɗora ƙaramar motar a kan tabarma. Ya zagaya ta a tsugune, ya buɗe ƙofa da farce, ya leƙa ya ga ɗan matashin da yake tokare bayansa da shi. Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya kira Yelwa, "Zo ki ga mijinki ya wanke motata ta tsuke!" Ya ce ko uwar da ta haife ta ba za ta bambanta su ba.

Bai ɗaga ta ba. Ni ma ban ce ya ɗaga ba. Ya ci tuwo da mu ya tafi yana sa mani albarka.

Jumma'a, 15 ga Disamba

Na kai ta biro. Mushe Amadou ya dube ta sama-sama ya ce ba laifi, yara za su so ta. Yara! Wata biyu ina ƙona yatsu. Na ce masa rabin aikin yana ƙasa, akwai sandar juya taya, akwai sifirin mai ganye tara, akwai tankin iska, duk suna nan. Ya ce to wa zai gani?

A hanyar gida maganar ta yi ta cina. Da na shiga ɗaki na ga madubin Yelwa a jingine, sai dabara ta zo. In na ɗora motar a kan ƴan katako huɗu, na shimfiɗa madubi a ƙasa, kowa zai ga cikinta ba tare da ya taɓa ba.

Na tuna da facin. Ba zan ce ban tuna ba. Na ce a raina ƙanƙane ne, baƙi a kan baƙi, cikin taron mutane.

Litinin, 18 ga Disamba

Rumfarmu ta fi kowace cika. Taswirorin hanya da Mushe Amadou ya manna ba wanda ya dube su, kowa na kan Zinariya. Direbobi suka yi ta turo juna, suna duƙawa kan madubin suna ƙirga ganyen sifirin. Wani Bature injiniya ya tambayi makarantar da na koya, na ce a zauren gidanmu. Kaina ya kumbura, gaskiya.

Wajen azahar sai ga Alhaji Abdulaye, an kai masa labari har Zango cewa motarsa tana kan teburi. Ya yi murna ƙwarai, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana nuna wa mutane lambar motar. Ya ce, "Yaro, duk haka take?"

Ga abin da na ce, da bakina, da ƙarfi don Mushe Amadou ya ji: "Alhaji, duk abin da ke jikin motarka yana nan. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Ya sa tabarau ya duƙa kan madubin. Ya daɗe. Mutumin da ya fara da makanikanci kafin ya yi arziki, ban san na manta da wannan ba sai da na ga yatsarsa ta tsaya a wuri ɗaya.

"Wannan fa?"

Na ce haɗin gwangwani ne, Alhaji, wurin da ya tsage mani.

Ya ce, "Da kusoshi shida?" Ya cire tabarau ya sa aljihu, ya yi mani sallama da fara'a. Na tsaya har aka tashi, ban san abin da nake amsa wa mutane ba.

Talata, 19 ga Disamba

Yaya yana hanya, sai jibi. Ba yadda zan aika masa.

Jumma'a, 22 ga Disamba

Jiya ya iso. Ko lodi ba a sauke ba, Alhaji ya tuɓe babbar riga a tsakiyar tasha, ya shiga ƙarƙashin motar da kansa. Da ya fito bai ɗaga murya ba, aka ce. Hannu kawai ya miƙa, Yaya ya sa masa makulli. Shekara goma sha ɗaya yana yi masa tuƙi.

Tabawa matar Yaya ce ta zo ta faɗa wa Yelwa. Ina ɗaki ina jin su. Ban fito ba.

Lahadi, 24 ga Disamba

Yelwa ta tambaye ni abu ɗaya: "Malam, ya roƙe ka ka bari, ko bai roƙe ka ba?" Ashe ya faɗa wa Tabawa komai.

Na ce ni na zurma motar a rami? Ni na ɓoye wa mai abu abinsa shekara guda da rabi? Na ce in da shasin ya sake tsagewa da mutane a sama fa, sai a ce me? Na ce abin da na gani na ƙera, aikina ke nan, ko a biro ba na zana gada inda babu gada. Na faɗi maganganu da yawa, duk masu ma'ana.

Ta bari na gama ta ce, "Ba wannan na tambaya ba." Ta ɗauki madubinta ta mayar ɗaki.

Har yanzu ina ganin ina da hujja. Facin ba ni na yi shi ba.

Laraba, 3 ga Janairu, 1962

Na nemi izini a biro na je kantin Alhaji a Zango. Na zauna a benci fiye da awa kafin ya waiwaye ni. Na roƙe shi don Allah, don ƴaƴan Yaya biyar, don shekarun da aka yi tare. Na ce gyaran ma ai mai kyau ne, shi da kansa ya gani.

Ya ce ya gani, ya fi wanda shi zai yi. Ya ce ba ramin ne ya ɓata masa rai ba, ba direban da hanya ba ta taɓa kayarwa. "Sau nawa ya zauna nan inda kake, muka ci goro, yana kallon idona? In na mayar da shi, duk ranar da ya ce ruwa ya yanke hanya, me zan ɗauka?"

Da zan tashi ya ce in ina son rabuwa da ƙaramar, yana so, zai ajiye ta a kanti. Ya ce, "Kai dai mai gaskiya ne, yaro." Ban taɓa jin yabon da ya yi mani ɗaci kamar wannan ba.

Lahadi, 14 ga Janairu

Ba wanda ya ɗauki Yaya aiki. Masu motocin Yamai ba su kai yatsun hannu biyu ba, kuma duk a rumfa ɗaya suke shan shayi. Har suna sun sa masa, Mai Faci. Direbobin da suka yi ta yaba mani ranar biki, yanzu in na doso tasha sai su yi ta raha suna cewa a rufe ƙarƙashin motoci ga Mushe nan.

Na hango shi da yamma kusa da babbar kasuwa, a zaune a gindin bango tare da masu jiran dako. Ya rame, ko idona ne. Na karya kwana na bi ta lungun maɗinka. Na ce wa kaina sauri nake yi.

Alhamis, 18 ga Janairu

Na ɗauko ƙaramar motar na sa bakin wuƙa zan ɓamɓare facin. Sai na ga wautar abin. Na mayar da ita kan kabad na rufa mata zane.

Talata, 30 ga Janairu

An kawo takardar yabo daga masu shirya biki, da hatimi da komai. Mushe Amadou ya karanta ta a gaban kowa, yanzu "aikin hannu" yake cewa, ba kayan wasa ba. Abin da na so ke nan, ga shi na samu.

Bayan an watse na bi shi ofis. Shekara huɗu ina ƙarƙashinsa ban taɓa roƙonsa ko allura ba, ya kuma sani, shi ya sa ya bar ni a tsaye yana gyara takardu. Na ce na ji ana neman direban tifa a aikin hanyar Doso, ina da mutum, ba kamarsa a ƙasar nan. Ya ce wanda aka kora? Na ce shi. Ya ja ni da tambayoyi son ransa, a ƙarshe ya ce ya zo ranar Litinin da lasisinsa.

Na fito ina jin kamar an sauke mani dutse. Shi ke nan, na gyara.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ban gyara ba.

Na je gidan Yaya da safe, karo na farko tun Disamba. Tabawa ta shimfiɗa mani tabarma a zauren da na taɓa kwana wata takwas. Ya fito, muka gaisa kamar ba komai, ya tambayi Yelwa, ya tambayi aiki. Na zayyana masa: tifa ce sabuwa, aikin gwamnati, ba mai tashin sa dare ɗaya, gobe ƙarfe takwas.

Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Aiki ka kawo mani, Mutari? Na ɗauka magana ka kawo."

Ya zuba mani ido yana jira. Na san abin da yake jira. Kalmomi ne da ba su fi biyar ba, suna nan a maƙogwarona. Sai na ji bakina yana cewa kar ya manta da hoto guda biyu da takardar haihuwa.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce ya gode, amma ya riga ya aika gida, zai koma Maraɗi, akwai gonar mahaifinsu. Ya ce shi ba zai iya cin abinci daga hannun da yake kallo yana tunani ba. Ya raka ni har ƙofa, abin da ya fi komai ƙona ni ke nan.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Mushe Amadou ya tambayi mutumin nawa. Na ce ba shi da lafiya.

Talata, 20 ga Fabrairu

Azumi ya kai rabi. Yau suka tafi, shi da Tabawa da yara da gado da tukwane, a saman lodin motar wani. Yelwa ta je rakiya. Ni na ce akwai taswirar da ake jira, kuma da gaske akwai, sai dai ba wanda zai mutu in ta kwana.

Da ta dawo idonta a kumbure. Ta ce da motar ta tashi sai ya buga wa direban rufin yana cewa ya yi saurin sa giya ta biyu. Ta so ta yi dariya abin ya ƙi. Na tambaya ko ya bar mani saƙo. Ta ce ya ce a gaishe ni.

Mun sha ruwa kowa yana kallon ƙwaryarsa.

Alhamis, 1 ga Maris

Wani direba ya tare ni a hanya, wai in ƙera masa tasa. Na ce kayan aikina sun lalace. Suna nan lafiya lau a cikin akwati, awartaki da magagari da komai. Ban buɗe shi ba tun bara.

Yelwa tana yi mani duk abin da ta saba, ruwan alwala, abincin sahur, wanki. Tsiyar ce kawai ta daina. Ban san ita ce gidan ba sai yanzu.

Asabar, 10 ga Maris

Shekaranjiya aka yi Sallah. Kowace shekara gidan Yaya muke fara zuwa. Bana mun wuni a gida.

Yau na zauna rubuta wasiƙa, ta gaisuwar Sallah kawai, ba wani abu ba. Akwai motar da za ta tashi Maraɗi gobe. Ta farko na yi ta shafi biyu, na bayyana yadda madubin ya zo, da yadda Mushe Amadou ya tunzura ni, da cewa ban san Alhaji zai zo ba. Na karanta ta na yaga. Ta biyu ta fi guntu, amma har yanzu akwai "amma" guda uku a ciki.

Yelwa ta shigo ta ga takardu a ƙasa. Ta ce, "Ka dai san Yaya ba ya karatun boko. Tasha zai kai ta, wajen mai rubuta wasiƙu, a rumfar direbobi. Da ƙarfi yake karantawa, kowa na ji. Kafin jibi labarin ya dawo Yamai."

Na ce na sani. Ban sani ba, ban yi tunanin ba sam. Rabin mazauna rumfar nan tare muka yi ƙuruciya.

Ta uku layi huɗu ce bayan gaisuwa. Na kwafe ta nan don kar gobe in ce ba haka na rubuta ba:

Yaya, ka ce kar in sa, na ce to, na kuma sa. Madubin ma ni na kawo, don a yabe ni. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Ka yafe mani in za ka iya.

Na miƙa wa Yelwa ban karanta mata ba. Ta ce in fito da ita sarai, mai karatun tsoho ne, idonsa ba shi da ƙarfi. Na sake bin haruffan da tawada, na ƙara masu kauri, na rubuta cikakken sunana a ƙasa.